Yadda ake cire kashin tsuntsu a jikin mota ba tare da an ɓata fenti ba

Tambayar nan an yi min ita har na daina ƙirgawa, kusan duk wanda ya san ina da son kula da mota sai ya tare ni da ita. Wai me ya sa da zarar an wanke mota tana ta sheƙi, ko awa ɗaya ba a rufa ba sai tsuntsu ya zo ya sauke mata kaya a tsakiyar bonet, sannan kuma ya ake yi a cire shi ba tare da ya bar tabo ba. Wani ma rantsuwa yake min cewa tsuntsayen da gangan suke yi, jira suke ka gama shan wahala ka zubar da ruwan bokiti sannan su zo. Toh ba gaba suke da kai ba, zan zo kan dalilin a ƙasa, amma bari mu fara da wanda ya fi gaggawa, wato kashin da yake zaune a kan motarka yanzu haka.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin komai. Yawancin ɓarnar da nake gani a jikin motoci ba kashin ne ya yi ta shi kaɗai ba, mai motar ne ya yi ta da hannunsa, ko dai ya bar shi ya kwana biyu yana gasuwa a rana, ko kuma haushi ya ɗebe shi ya ɗauki busasshen tsumma ya dirje. Duk matakan da ke ƙasa a kan guje wa waɗannan biyun suke.

1. Haɗa kayan aiki tun kafin buƙata ta taso

Ba wasu kaya masu yawa bane, kuma duk cikin harkar nan su ne mafi arha. Kwalbar feshi ƙarama cike da ruwa mai tsabta, tawul mai laushi irin na maikirofaiba guda uku ko huɗu, sabulun wanke mota na ruwa, safar hannu ta roba, da leda ɗaya ta zuba abin da ya ƙazantu. Shikenan. In kana da hali ka ƙara da ruwan feshin nan na goge jikin mota da ake sayarwa a shagunan kayan mota, wanda ake fesawa a goge ba sai an ɗauraye ba, yana da santsi sosai kuma santsin nan shi ake nema. In babu, ɗigo biyu ko uku na sabulun mota a cikin kwalbar ruwan ya wadatar.

Duk ka haɗa su a jaka ɗaya ka jefa a but. Nasan wani zai ce ai akwai su a gida, eh akwai, amma tsuntsu ba ya jira sai ka koma gida, a wurin aiki zai yi maka da ƙarfe goma na safe motar kuma tana rana har la'asar, kafin ka isa inda kayan suke aikin gama ya gama.

Gargaɗi a nan: tawul ɗin da ka taɓa goge taya ko ƙasan mota da shi kar ya kusanci fenti, ko da an wanke shi, yashi yana maƙalewa a cikin zarensa. Haka tsohuwar riga da tawul ɗin wanka da takardar jarida, duk suna da kaushin da ido baya gani amma fenti yana ji. Ka ware na jiki daban, in so samu ne kalarsu ma ta bambanta don kar ka rikice.

2. Kai motar inuwa, ka bari jikinta ya huce

Da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne rabin aikin. Ɗora bayan hannunka a kan bonet, in ba za ka iya barinsa na daƙiƙa biyar ba saboda zafi to kar ka fara, matsar da ita inuwa tukuna. Ruwan da ka fesa a kan ƙarfe mai zafi bushewa zai yi nan take ya bar zanen sabulu, kashin kuma ko jiƙuwa bai yi ba.

Ga abin da yake faruwa a wurin, don ka gane dalilin saurin da nake ta nanatawa. Tsuntsu ba ya fitsari daban kashi daban kamar sauran dabbobi, ta hanya ɗaya suke fita a haɗe, farin nan da kake gani kamar alli shi ne madadin fitsarin, asid ne da ake kira yurik, kuma baya narkewa a ruwa da sauƙi, shi ya sa ruwan sama zai zuba ya wuce ka ga yana nan daram. Baƙi-baƙin tsakiya shi ne ainihin kashin. Shi kuma fentin mota hawa-hawa ne, na can sama shi ne shafin nan mai haske kamar gilashi da masu fenti ke ce wa kiliya, shi ke ba mota sheƙi, kaurinsa wajen maikiron 40 zuwa 50 ne kawai, wato bai kai rabin kaurin takardar rubutu ba ma wani lokacin. In rana ta buga shi yana laushi ya ɗan buɗe, kashin kuma a lokacin yana bushewa yana ƙanƙancewa, da dare ya yi gari ya yi sanyi sai kiliyar ta koma ta tsuke a jikin busasshen kashin ta ɗauki siffarsa kamar an buga hatimi. Kamfanin Autoglym na Ingila masu yin kayan goge mota sun fitar da bayanin wannan a 2011, suka ce zafin da sanyin nan da ke bi da bi shi ne babban mai yin ɓarnar, ba asid ɗin kaɗai ba. Kamfanin Ford ma har kashin tsuntsu na roba suke haɗawa a ɗakin gwaji su fesa a kan fallayen fenti su saka a tanda a zafin digiri 40, 50 da 60 don su ga juriyar fentinsu. To in kamfanin da ya ƙera motar ya ɗauki abin da muhimmanci haka, kai ma kar ka ce bari sai ranar wanki.

Baƙar mota da mai duhun shuɗi sun fi shiga haɗari, don jikinsu a tsakar rana yana iya haura digiri 70. A irin wannan yanayin awanni kaɗan sun isa a samu tabo, ba sai an kwana ba.

3. Jiƙa shi, ka jira

In ɗanye ne, yanzu aka yi shi, ka ci sa'a, fesa ruwa da yawa har ya gangara da kansa, kusan ba sai ka taɓa ba. Matsalar tana ga busasshe.

Sa safar hannu. Fesa ruwan sabulun a kan kashin har ya jiƙe sharkaf, sannan ka ninke tawul ɗaya gida huɗu ka jiƙa shi sosai, da ruwan ɗumi in akwai, ka shimfiɗa a kan wurin ka bar shi. Kar ka danna, kar ka motsa shi, ɗorawa kawai. Minti biyar zuwa goma. In wanda ya kwana biyu ne ya zama kamar siminti ka ba shi minti goma sha biyar, kana ƙara fesa ruwa a saman tawul ɗin don kar ya bushe. In a jikin ƙofa ne inda tawul ba zai zauna ba, jiƙaƙƙen tishu mai kauri yana mannewa da kansa, sai dai shi tishun don jiƙawa ne kawai, ba a gogewa da shi.

Wallahi wannan jiran shi ne inda mutane ke faɗuwa. Ni kaina na faɗi a nan. Wata mota mai duhun shuɗi da na taɓa riƙewa, na fito da sauri zan tafi wani wuri na tarar da wani ƙaton kashi ya bushe a bonet daidai saitin idon direba, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, gefensa har ya fara ɗagowa kamar ɓawon ƙwai. Na ce ai wannan ɓamɓarewa kawai zai yi, na zaro tsohon kati na roba daga aljihu na sa masa gefe na tura. Ya fita kuwa, da wata 'yar ƙara ƙirrr da har yau ina jin ta a haƙorina. Da na karkata kai na duba ta gefen hasken rana sai ga layuka huɗu sirara farare sun bi hanyar da katin ya bi, ga kuma zanen kashin nan yana nan dishi-dishi a ƙasansu. Garin neman gira na rasa ido, minti goma na ƙi jira na ƙare da biyan mai folish.

Dalilin karcewar shi ne tsuntsaye da yawa suna haɗiyar tsakuwa da yashi su tara a ƙundu don niƙa abinci tunda ba su da haƙora, ga ƙwayoyin 'ya'yan itace da ɓawon ƙwari, duk wannan yana fitowa a kashin. Kenan busasshen kashin tsuntsu da takardar yashi ta kafinta kusan ɗan juma ne da ɗan jummai.

Gargaɗi biyu a wannan matakin. Na farko, ruwan ɗumi na ce ba tafasasshe ba, musamman kusa da gilashi in gari da sanyi, tsagewa yake yi. Na biyu ya shafi lafiyarka: kar ka kankare busasshen kashi ya zama ƙura ka shaƙa, musamman na tattabara ko in ya taru da yawa, akwai cututtukan huhu da ake ɗauka ta wannan ƙurar. Jiƙawar tana hana ƙurar tashi. In motar ta daɗe a ajiye a ƙarƙashin inda suke kwana har kashin ya yi tudu, sa takunkumi kafin ka fara, kuma wanda garkuwar jikinsa take da rauni gara ya bar wa wani aikin.

4. Ɗauke shi ake yi, ba gogewa ba

Bayan ya yi laushi, kama tawul ɗin da ke kai ka tattaro shi da yatsu daga gefe zuwa tsakiya kamar za ka tsinci abu, ka ɗaga sama. Yawancin kashin zai biyo shi. Kar ka mayar da wannan fuskar tawul ɗin kan fenti, ninke ta ciki. Sake fesa ruwa a kan abin da ya rage, ka kawo fuska mai tsabta ka ja sau ɗaya a miƙe, hannu sakwa-sakwa, nauyin tawul ɗin kaɗai ya isa, ka ɗaga ka sake ninkewa. Ja ɗaya, fuska ɗaya. Tawul da aka ninke gida huɗu yana ba ka fuska takwas, sun ishe ka.

Banda zagaye-zagaye da hannu. Shi ne yake haifar da zanen nan kamar saƙar gizo-gizo da ake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska ta, don in ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a tawul zagayawa za ka yi ta yi da ita.

In wani ɓangare ya ƙi fita, kar ka ƙara ƙarfi, koma mataki na 3 ka sake jiƙawa. Sau biyu, sau uku, ba komai. Banda farce, banda kati, banda soson ƙarfe ko koren soson wanke-wanke, wannan na ƙarshen na ga wanda ya yi amfani da shi a rufin mota, wurin ya koma fari fat kamar an shafa toka.

Akwai masu haɗa bekin soda, cokali biyu a cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi, su fesa don ya kashe kaifin asid ɗin. Yana aiki, amma sai ka tabbata ya narke tas, don garin da bai narke ba shi ma karcewa yake, kuma a ɗauraye shi sosai bayan an gama. Ni dai ban cika damuwa da shi ba, ruwan sabulu da haƙuri suna yi min. Abubuwan da ban yarda a kusanto da su ba su ne bilic, fetur, tina mai tsinka fenti, ruwan khal da garin sabulun wanki. Khal shi ma asid ne, ka ga an gudu ba a tsira ba. Sabulun wanke kwanoni kuma in sau ɗaya ne a kan larura ba zai kashe fenti ba, sai dai yana wanke kakin kariyar da ke jiki, sai ka sake shafawa.

5. Ɗauraye, tsane, ka duba da kyau

Zuba ruwa mai tsabta a wurin har da inda ruwan kashin ya gangara, don layin gangarar ma yana barin alama in ya bushe. Tsane da busasshen tawul mai tsabta, dannawa a hankali. Tawul ɗin da ya ƙazantu a leda, a wanke shi daban, kai kuma ka wanke hannu da sabulu ko da ka sa safa.

Sai ka sunkuya ka kalli wurin ta gefe, inda haske ke kwanciya a kan fenti, ko ka haska fitilar waya a karkace. In sumul yake, tsallaka zuwa mataki na 8. In ka ga inuwar kashin tana nan, karanta na gaba.

6. In tabo ya riga ya zauna

Tabon kala biyu ne kuma dole ka bambance su kafin ka kashe ko sisi.

Na farko shi ne wanda wurin ya dushe kawai, kamar an huro masa numfashi, in ka shafa da yatsa da ƙyar za ka ji wani abu. Wannan a saman kiliya yake kuma yana gyaruwa. Kafin ka sayi komai ka ba shi kwana ɗaya ko biyu, wani lokacin in motar ta sha rana bayan an cire kashin kiliyar tana sake laushi ta baje da kanta tabon ya ragu ko ya ɓace, na ga haka da idona fiye da sau ɗaya. Wasu suna gaggauta wannan da na'urar busar da gashi, su riƙe ta nesa da jiki kamar tsawon tafin hannu suna kaɗa ta ba tsayawa na 'yan mintuna. In za ka gwada, zafin ya tsaya inda hannunka zai iya jurewa, kuma kar ka kuskura ka ɗauko bindigar zafi irin ta masu aikin fenti, wannan ƙona kiliya take yi cikin ƙiftawar ido, ta narkar da robar bamba.

In bai tafi ba sai folish. Ka fara da mafi laushi, wanda aka rubuta na gamawa ne ko na ƙara sheƙi. Wanke wurin ya zama ba ƙura ko ɗaya, ɗiga folish kamar girman ƙwayar wake a kan soson shafawa mai laushi, ka murza a wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, gaba da baya sannan hagu da dama, na wajen minti ɗaya, ka goge ka duba. Bai fita ba, sake yi sau ɗaya ko biyu. Har yanzu yana nan, sai ka hau zuwa mai ɗan kaushi wanda ake ce wa kampawun, bayansa kuma dole ka dawo da mai laushin don ya mayar da sheƙi.

Gargaɗi: folish ba cika ramin yake ba, cin kiliyar da ke kewaye yake har ta yi daidai da ramin. Ka tuna kaurin da na faɗa. Duk murzawa ɗaya ragewa kake, kuma abin da ya tafi baya dawowa. In ka ga kalar motar ta fara fitowa a jikin soson to ka huda kiliya ka isa fenti, tsaya nan take. A gefen bonet da kan layukan da jiki ya lanƙwasa kiliya ta fi siranta, a nan ake fi hudawa. Tsofaffin motoci masu fenti hawa ɗaya su dama kala tana fitowa a soso, wannan daban ne.

Na biyu shi ne wanda fentin ya yamutse ko ya tsattsage ƙanana-ƙanana kamar busasshiyar laka, in ka ja farce a hankali a gefensa za ka ji yana kamawa. Wannan ya wuce folish, ko ka kwana kana murzawa ɓata lokaci ne kuma ƙara ɓarna ne. Sai wurin masu fenti, su goge da takardar yashi mai laushi a jiƙe in da sauran kiliya, in babu kuma a sake fesa fallen gaba ɗaya, don ba a cika iya fesa tsakiyar bonet kaɗai ya saje ba. Ta fuskar kuɗi ka lissafa da kanka: tawul da kwalbar feshi kusan kyauta ne, robar folish ta fi su, aikin mai injin folish ya ninka wannan, sake fesa bonet ko rufi kuma ya ninka duka sau da yawa, ga shi in ka zo sayar da motar mai saye yana ganin an taɓa fenti zai fara rage maka.

7. Gilashi, roba da fenti marar sheƙi

Kashi a gilashin gaba, hannu yana kai wa waifa da kansa, kar ka bari. Waifa za ta shafe shi ne ya rufe maka gani gaba ɗaya kana tsakiyar titi, yashin ciki ya zana gilashin layi-layi a lanƙwashe, robar waifar ma ta lalace. Samu wuri ka tsaya, jiƙa, ɗauke, sannan ka kunna.

Baƙar robar da ba a yi wa fenti ba tana shan farin ta riƙe a 'yan ƙananan ramukan jikinta, tsohon buroshin haƙori mai laushi da ruwan sabulu yana fitar da shi. Motar da rufinta na yadi ne ma haka, buroshi mai laushi da ruwa da yawa, ba a dirza.

Mota mai fenti marar sheƙi ko wadda aka naɗe da leda mai kala, folish haramun ne a kanta, zai bar wurin yana ƙyalli shi kaɗai kuma ba gyara. Ita saurin cirewa ne kawai maganinta. Kashin da ya zo da kalar ja ko shunayya, na tsuntsun da ya ci 'ya'yan itace, da na jemage, sun fi rina farar mota, kar su wuce awa ɗaya in da hali.

8. Shafa kariya

Wurin da ka goge, musamman in ka yi folish, tsirara yake yanzu. Shafa masa kakin mota, siriri, ka bari ya dushe sannan ka goge da tawul mai tsabta. Gara ma ka yi wa bonet da rufi da saman but gaba ɗaya tunda su ne ke kallon sama.

Kakin gargajiya shi ne mafi arha amma wata ɗaya zuwa uku yake yi, ƙasa da haka in motar kullum a rana take. Na haɗin sinadari da ake kira silant yana kai wata huɗu zuwa shida. Shafin siramik, wani ruwa da ake shafawa ya daskare ya yi tauri a kan fenti, yana shekaru in an yi shi daidai, amma da tsada kuma aikin ƙwararru ne. Mafi ƙarfi shi ne ledar nan mai haske da ake mannawa a kan fenti, ita ce kuma mafi tsada. Yadda za ka gane kariyar ta ƙare, zuba ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa tana nan, in ya baje ya kwanta ta tafi.

Kar wani mai talla ya ruɗe ka cewa in ka yi siramik ka rabu da kashin tsuntsu. Ƙarya ne, shi ma yana tabo. Abin da duk waɗannan suke saya maka lokaci ne da sauƙin cirewa, maimakon awa uku ka samu yini, shikenan.

9. Inda kake ajiye motar bayan wanki

Yanzu mu dawo kan zargin cewa da gangan suke yi. Ka lura da abin da kake yi in ka gama wanki: inuwa kake nema don kar rana ta busar da ruwan ya bar zane, inuwar kuma yawanci bishiya ce, bishiya kuma gidan wa? Kai ka kai kanka. Ƙari a kan haka, a jikin mota mai ƙura kashi ɗaya baya ɗaukar ido, a kan mai sheƙi kuwa tun daga nesa kake hango shi.

Kafin ka kashe mota kalli ƙasa. In ka ga fararen ɗigo-ɗigo a wurin to maƙwabcin sama yana nan, matsa gaba ko da tsawon mota biyu ne. Sannan ka ɗaga kai: reshe, wayar wuta, fitilar titi, bakin rufin gini, allon talla, ƙarfen rumfa, duk wurin zama ne, kuma tsuntsu yakan sauke nauyi ne a inda yake zaune ko daidai lokacin da zai tashi. Bishiyar da suke kwana a kai ita ce mafi muni, ajiye mota a ƙarƙashinta daga magariba zuwa safiya ka dawo ka ga kamar an watsa mata farar ƙasa. In zaɓi ya rage tsakanin rana da irin wannan bishiyar, ni rana nake ɗauka in sa abin tare gilashi.

Akwai kuma wani nau'in daban da yake da alaƙa da wankin kai tsaye. In kullum a madubin gefe da saman ƙofa kake samun kashin, layi-layi yana gangarowa, ga alamun ƙafa da na baki a jikin madubin, to tsuntsu ɗaya ne yake ganin kansa a ciki ya ɗauka kishiya ce ta shigo masa yanki, ya zauna yana faɗa da ita yana kashi, an fi ganin haka lokacin da suke sheƙa. Mota mai tsabta ta fi nuna masa hoton nasa. Maganin wannan sauƙi gare shi, naɗe madubin in yana naɗuwa, in baya yi ka zura masa tsohuwar safa ko leda ka ɗaure, sati biyu zuwa uku zai haƙura. Ka dai tuna ka cire kafin ka tayar.

Batun kala kuma ana yawan kawo shi. Kamfanin Halfords na Birtaniya ya ƙirga motoci 1,140 a birane biyar a 2012, ya ce jajaye ne suka fi shan kashi da kashi 18 cikin ɗari, koraye kuma suka zo ƙarshe da kashi 1. Ƙirge ne na kamfanin sayar da kayan mota, ni ba zan canza kalar mota saboda shi ba, jar mota a fili ta fi koriya a ƙarƙashin bishiya zaman lafiya.

In a gida ne kuma ba gareji, rigar mota tana aiki, da sharaɗi biyu: motar ta kasance a wanke kuma a bushe kafin a rufa, sannan rigar ta kama jiki a ɗaure ta, in ba haka ba iska za ta riƙa kaɗa ta tana goga ƙura a fenti duk dare. Tamfol mai kaushi bai dace ba sam. In rumfa gare ka kuma suna zama a kan ƙarafunan ciki, ja raga a ƙarƙashin rufin ta rufe ƙarafunan, wannan ya fi duk wata dabara daɗewa. Mujiyar roba da tsofaffin faifan CD da ake ratayewa suna korarsu na 'yan kwanaki ne kawai, na taɓa ganin kurciya zaune a kan mujiyar tana gyara gashinta, in za ka yi amfani da su sai kana canza musu wuri duk bayan kwana biyu. Kar a zuba hatsi ko ragowar abinci kusa da inda mota take, kwandon shara ma a rufe shi.

Guba da tarko da rushe sheƙa mai ƙwai kuma ka bar su, ban da rashin tausayi a ƙasashe da yawa laifi ne, Amurka tana da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura tun 1918, Birtaniya ma tana da tata ta 1981. In sheƙa ce a rumfarka ka jira 'ya'yan su tashi, sannan ka share wurin ka toshe ramin da raga kafin wata ta zo ta gaje shi.